Jagorar Kafa Shirin Koyar da Ɗaliban Manyan Makarantu Dabarun Sarrafa Kuɗi

Ga mafi yawan matasa a Nijeriya, shiga jami'a ko kwalejin ilimi ko kwalejin kimiyya da fasaha shi ne karo na farko da kuɗi masu kauri ke zama a hannunsu ba tare da idon iyaye a kai ba. Kuɗin rajista da na ɗaki da na abincin zango guda kan shigo asusun ɗalibi cikin mako ɗaya, kuma da wuya a ce wani ya taɓa zaunar da shi ya nuna masa yadda zai raba su har su kai shi ƙarshen jarrabawa. Lamarin ya ƙara tsanani tun bayan cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, domin kuɗin mota da na abinci sun tashi, jami'o'in gwamnati da dama sun ƙara kuɗin rajista, hauhawar farashi kuma ta kai kashi 34.8 cikin ɗari a Disambar 2024 bisa alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa. A 2024 ɗin ne asusun rancen karatu na Gwamnatin Tarayya, NELFUND, ya fara bai wa ɗalibai rance, wato matasa suna sa hannu a kan bashin da za su biya bayan shekaru, alhali wayar da ke aljihunsu cike take da tallan bashin gaggawa da cacar ƙwallo da jarin da ake cewa yana ninkawa cikin wata guda.

An tsara wannan jagora ne domin malami, ko ma'aikacin sashen kula da harkokin ɗalibai, ko shugabannin wata ƙungiyar ɗalibai da ke son kafa shiri mai ɗorewa a makarantarsu. Lacca ita kaɗai ba ta canza yadda mutum yake kashe kuɗi. Abin da ke yin tasiri shi ne a sa ɗalibi ya yi aiki da nasa kuɗin, a tasa wayar, a daidai lokacin da kuɗin suka shigo masa, kuma a kan wannan aka gina dukkan matakan da ke ƙasa.

Mataki na farko: ku san kuɗin ɗaliban makarantarku

Kafin a rubuta darasi ko ɗaya, a ware mako biyu ko uku domin bincike. A shirya 'yan tambayoyi da ba su wuce goma sha biyu ba, a tura su ta zaurukan WhatsApp na azuzuwa ta hannun wakilan aji, a kuma raba wasu a takarda saboda waɗanda ba su da data. Kada a nemi suna ko lambar rajista, domin maganar kuɗi magana ce ta rufin asiri, kuma ɗalibin da ya san za a gane shi ba zai rubuta cewa ana bin sa bashi ko yana buga caca ba. Tambayoyin su tsaya kan abin da ke faruwa a zahiri: daga ina kuɗi ke zuwa, a wane lokaci suke zuwa, a mako na nawa suke ƙarewa, me ake yi idan sun ƙare, shin akwai adashi, shin an taɓa cin bashi ta manhaja, shin an taɓa yin asara a hannun 'yan damfara, kuma shin akwai wanda ɗalibin yake tura wa kuɗi a gida.

Bayan takardun sun dawo, a zauna da ƙananan rukunai na mutum takwas zuwa goma, maza daban mata daban, a saurare su. A nan ne za a gane cewa ɗaliban ba a cikin hali ɗaya suke ba. Wanda ke kwana a hostel yana dafa abincinsa da kansa, lissafinsa ya bambanta da na wanda ya kama haya a Samaru ko Ɗanbare yana biyan kuɗin wuta da na ruwa, kuma dukansu sun bambanta da mai zuwa daga gida kullum, wanda adaidaita sahu ke cinye rabin abin da ake ba shi. Akwai matar aure mai haɗa kuɗin cefane da na makaranta, akwai mai sayar da turare ko atamfa ko data a cikin makaranta wanda bai taɓa raba jarinsa da kuɗin abincinsa ba. Duk misalan da za a yi amfani da su a darussa daga waɗannan zama za a ɗauko su, da farashin mudun shinkafa da kuɗin hotokofi na wannan makaranta a wannan zango.

Mataki na biyu: izini, masauki da masu koyarwa

Shirin yana buƙatar ofishi guda da zai tsaya masa, kuma mafi dacewa shi ne sashen kula da harkokin ɗalibai, domin shi ke ba da izinin taro da ɗakin da za a yi shi. A rubuta takarda mai shafi biyu da ke bayyana abin da binciken ya nuna, yawan ɗaliban da ake son farawa da su, ranakun zama, da abin da ake buƙata daga makaranta. Idan makarantar tana da cibiyar koyar da sana'o'i da kasuwanci, kamar yadda jami'o'i da yawa suke da ita saboda darasin dogaro da kai da ake yi wa kowane ɗalibi, a nemi haɗin kanta, don ta wannan hanya shirin kan iya samun gurbi a cikin darussan gama-gari daga baya. Sai kuma ƙungiyoyin da ɗalibai ke amsa kiransu da gaske: ƙungiyar ɗalibai Musulmi ta MSSN, ƙungiyoyin ɗalibai Kirista, ƙungiyoyin 'yan jiha ɗaya, da na sassan karatu. Sanarwar da amir ko shugaban 'yan jiha ya yi bayan taro ta fi fasta ɗari da aka manna a bango kawo mutane.

Game da masu koyarwa, a ganina a dogara da ɗalibai 'yan aji uku da aji huɗu, a ƙarƙashin kulawar malami ɗaya ko biyu daga sashen akanta ko tattalin arziki ko harkokin banki. Sabon ɗalibi ba zai ɗaga hannu a gaban farfesa ya ce “Malam, kuɗina sun ƙare tun mako na biyar” ba, amma zai faɗa wa wanda ya girme shi da aji biyu, wanda shi ma ya taɓa shan garin kwaki kwana uku a jere. A zaɓi mutum goma zuwa goma sha biyu, rabinsu mata, a ba su horo na kwana biyu, kuma kowannensu ya yi dukkan atisayen a kan nasa kuɗin kafin ya tsaya gaban kowa. A gindaya musu sharaɗi a rubuce cewa babu mai tallata wata manhaja ko sana'arsa ko lambar gayyatarsa a cikin aji, kuma babu mai fitar da sirrin ɗalibi. Wanda ya karya ɗaya daga ciki a sallame shi nan take.

Mataki na uku: lokaci

A fara a mako na biyu ko na uku na zango, lokacin da kuɗi ke hannu, domin darasin kasafi da aka yi a mako na goma bayan an riga an kashe komai ba shi da abin da zai gyara. Zama shida sun isa, ɗaya a kowane mako, kowanne sa'a ɗaya da rabi, ga rukunin da bai wuce mutum talatin ba. A kammala kafin gwaje-gwajen tsakiyar zango su yi zafi. A kauce wa yammacin Juma'a da safiyar Lahadi, a kuma tashi da sauran rana saboda ɗalibai mata masu komawa gida kafin magariba. Tun da yajin aiki kan rikita kalanda, kamar na ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU na 2022 da ya ɗauki wata takwas, a tsara kowane zama ya zama mai cin gashin kansa, ta yadda ko an katse a tsakiya abin da aka koya ba zai tashi a banza ba.

Mataki na huɗu: darussan

Zama na farko na gano inda kuɗi ke tafiya ne, kuma shi ne ya fi kowanne muhimmanci. Kowane ɗalibi ya buɗe manhajar bankinsa ko ta OPay ko Moniepoint ko wacce yake amfani da ita, ya fito da tarihin shige da ficen kwana talatin da suka wuce, ya ɗauki takarda ya ja layi biyar: abinci, sufuri, data da kati, harkar karatu, da sauransu. Ya bi kowane fita ɗaya bayan ɗaya yana jefa shi a gidansa, abin da ya cira a wurin mai POS kuma ya yi ƙoƙarin tuna inda ya kai shi. Babu mai duba takardar wani. Bayan minti arba'in, mai koyarwa ya tambaya kawai, “Wane layi ne ya ba ku mamaki?” Galibi ana samun mamakin ne a layin data, inda naira 500 nan da 1,000 can suka taru suka zama abin da mai su bai taɓa zato ba, ko a layin sauransu, inda anko da gudummawar biki da ɗan abin da aboki ya ce a tura masa suka ɓuya. Aikin gida shi ne a rubuta duk abin da aka kashe na kwana bakwai, har da naira 100 ta ruwan leda.

Zama na biyu na kasafi ne, kuma ya kamata a yi shi a kan zango gaba ɗaya, domin ɗalibi ba ma'aikaci ba ne da ake biya ƙarshen wata. A ɗauki misalin wanda aka ba naira 120,000 bayan rajista, zangon kuma mako goma sha shida ne. Ya fara cire abin da ya san dole zai zo: kuɗin motar komawa gida, littattafai da hotokofi, da abin da zai ajiye saboda rashin lafiya ko lalacewar waya. Idan waɗannan suka ɗauki 40,000, saura 80,000, wato naira 5,000 a mako. Wannan adadi na mako shi ne abin da ɗalibi zai riƙe a ka. Dabarar da ta fi aiki ita ce asusu biyu: babban kuɗin ya zauna a asusun da ba a yawo da katinsa, duk ranar Lahadi a tura kason mako zuwa asusun kashewa. A yi wannan a cikin aji, kowa ya fitar da nasa adadin kafin a tashi. 'Yan ajin ƙarshe su saka kuɗin furojet, masu fita koyon aiki na SIWES ko koyarwar gwaji su saka kuɗin motar waɗannan watanni. Wani zai ga lissafinsa bai kai ba ko ya matse yaya, kuma wannan ba gazawar kasafi ba ce. Irin wannan ɗalibi a nuna masa hanyar tallafin karatu na jiharsa, da rancen NELFUND, da duk wani asusun taimako da makarantar ke da shi.

Zama na uku na banki da ajiya ne. A sa ɗalibai su nemo cajin da aka yi musu a tarihin asusunsu su tara shi: kuɗin tura kuɗi, harajin naira 50 a kan turawar da ta kai 10,000, da naira 100 a kan kowace 20,000 da aka cira a na'urar wani banki, wanda Babban Bankin Nijeriya ya fara aiwatarwa a Maris 2025. Waɗannan ƙa'idoji suna sauyawa, saboda haka mai koyarwa ya duba sabuwar sanarwar Babban Bankin kafin kowane zango. A bayyana musu inshorar hukumar NDIC, mai biyan masu ajiya idan banki ya durƙushe, wadda tun 2024 ta kai naira miliyan 5 ga mai ajiya a bankin kasuwanci da miliyan 2 a ƙaramin banki, a kuma kawo misalin bankin Heritage da aka soke lasisinsa a Yunin 2024 domin su ga amfaninta. A koya musu hanyar ƙorafi idan kuɗi suka maƙale: a kai ƙara banki a rubuce, a karɓi lambar ƙorafi, idan mako biyu suka wuce ba a warware ba a rubuta wa sashen kare haƙƙin masu hulɗa da bankuna na Babban Bankin.

A wannan zama ne kuma za a taɓo adashi, kuma kada a raina shi, domin ɗalibai da yawa, musamman mata, da shi suke sayen waya ko biyan haya. Abin da za a ƙara masa shi ne tsari: a rubuta sunayen masu zubi da adadi da ranar kwasar kowa, kowa ya riƙe kwafi, a yi zubi ta turawa domin a sami shaida, a amince tun farko kan abin da za a yi wa wanda ya kwasa ya daina zubi, kuma adashin ya ƙare kafin zango ya ƙare, saboda bin zubi bayan kowa ya koma garinsu wahala ce. Ga ɗalibai Musulmi, tunatarwa da aya ta 282 ta Suratul Baƙara, wadda ta yi umarni da rubuta bashi, tana cire nauyin baki da ake ji wajen ce wa aboki a rubuta. Haka nan a sanar da masu guje wa kuɗin ruwa cewa akwai bankunan da ba sa mu'amala da shi, irin su Jaiz da ya fara aiki a 2012, da TAJ a 2019, da Lotus a 2021.

Zama na huɗu na bashi ne, kuma a nan ya kamata a daɗe. A fara da NELFUND tun da shi ne bashin da ɗaliban makarantun gwamnati suka fi cin karo da shi. Bisa dokar da aka sabunta a Afrilun 2024, rancen ba shi da kuɗin ruwa kuma ba a neman mai tsaya wa mutum. Ana tura kuɗin makaranta kai tsaye ga makaranta, ana kuma bai wa wanda ya nema naira 20,000 a wata na ɗawainiya. Biya yana farawa shekara biyu bayan kammala hidimar ƙasa, ana cire kashi goma cikin ɗari na albashi, ko na ribar wata ga mai sana'ar kansa. Kowa ya yi nasa lissafin a takarda. A misali, kuɗin makaranta 150,000 sau shekara huɗu 600,000 ne, idan kuma aka karɓi na ɗawainiya wata goma a kowace shekara an ƙara 800,000, jimilla miliyan 1.4. Mai albashin 100,000 zai riƙa biyan 10,000 a wata, wato wata 140, shekara goma sha ɗaya da wata takwas. Manufar lissafin ba tsoratarwa ba ce, domin rance marar ruwa a lokacin da farashi ke tashi abu ne mai sauƙi ga mai buƙata. Ana so ne ɗalibi ya daina kallon alat ɗin 20,000 a matsayin kyautar gwamnati, ya kuma san yana da zaɓin karɓar kuɗin makaranta kaɗai idan gida na iya ɗaukar sauran.

Daga nan sai manhajojin bashin gaggawa. A rubuta misali a allo: an ba ka 20,000, za ka mayar da 23,000 bayan mako biyu. Ɗalibai za su ce 3,000 ba ta da yawa. Sai a nuna musu cewa kashi 15 cikin ɗari ne a mako biyu, kuma mako biyu sau 26 ne a shekara, wato kashi 390 cikin ɗari. A bayyana yadda wasu daga cikin manhajojin ke neman izinin shiga lambobin wayar mutum, sannan su riƙa aika wa iyayensa da malamansa saƙon cin mutunci idan ya makara, da yadda ake cin bashi a wata manhajar don a biya wata har abin ya fi ƙarfin mutum. Hukumar FCCPC mai kare haƙƙin masu saye tana wallafa jerin kamfanonin bashin da ta amince da su, tana kuma karɓar ƙorafi a kan masu cin zarafi. A buɗe jerin a cikin aji kowa ya ga yadda ake duba shi.

Zama na biyar na damfara da caca ne. Kowane ɗalibi ya san cewa banza ba ta kai zomo kasuwa, amma sanin karin maganar bai hana mutane zuba kuɗi a MMM ba, wadda ta yi alƙawarin kashi 30 cikin ɗari a wata kafin ta rufe asusun mutane a Disambar 2016, ko a CBEX da ta ruguje a Afrilun 2025. Lissafi ya fi wa'azi tasiri a nan. A ce kowa ya buɗe kalkuletar wayarsa ya ninka 10,000 sau biyu har sau goma sha biyu, kamar jarin da ake cewa yana ninkawa duk wata na tsawon shekara guda. Amsar ita ce 40,960,000. A ci gaba zuwa wata ashirin da huɗu, za a ga ta haura naira biliyan 167. Sai a tambaye su wace sana'a ce ke haifar da wannan, kuma mai irin wannan sana'a me zai yi da 10,000 ɗin ɗalibi. A nuna musu alamomin da ke maimaituwa: riba mai yawa da aka ce babu asara, ladan kawo sabbin mutane, gaggawar a saka kafin a rufe, da wahalar cire kuɗi. Shaidar rajista da CAC, hukumar rajistar kamfanoni, ba lasisin karɓar jarin jama'a ba ce. Hukumar SEC mai kula da harkar zuba jari ce ke ba da wannan, kuma dokar zuba jari ta 2025 ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara goma ga masu gudanar da irin waɗannan tsare-tsare. A ja kunnen masu tallata su a zaurukan aji cewa su ne za su fuskanci abokansu ranar da abin ya fashe.

A yi ɗan wasan kwaikwayo na minti biyar. Mai koyarwa ɗaya ya kira ɗaliba a waya a gaban aji ya ce, “Hajiya, daga bankinku ne, BVN ɗinki ya sami matsala, za a rufe asusunki yau. Karanto mini lambar da ta shigo wayarki yanzu.” Ajin ya faɗi abin da ya kamata ta yi: ta kashe wayar, ta kira lambar da ke bayan katinta ko ta je reshe da kanta, domin banki ba ya tambayar lambar sirri ko lambar da yake turowa ta saƙo. Kafin a tashi, kowa ya nemo lambar USSD ta toshe asusu ta bankinsa ya rubuta ta a littafi, saboda ranar da aka sace waya ba a cikinta za a duba ba. A kuma yi gargaɗi mai ƙarfi kan ara wa wani asusu don a turo kuɗi, ko sayar da bayanan BVN da NIN a kan 'yan kuɗi kaɗan, domin idan EFCC ta bi sawun kuɗin sata, mai sunan asusun za ta fara kamawa.

Maganar caca tana son hikima, don yawancin masu yi a ɓoye suke yi kuma sun riga sun san hukuncinta a addini. Abin da ba su taɓa yi ba shi ne tara abin da suka zuba da abin da suka ci cikin wata uku su kwatanta. A ba da wannan a matsayin aikin gida na sirri, a kuma faɗi inda mai son dainawa zai sami taimako a cibiyar ba da shawara ta makaranta.

Zama na shida na jari da rayuwa bayan makaranta ne, kuma a taƙaita shi. A nuna cewa idan farashi ya tashi da kashi 30 cikin ɗari a shekara, naira 100,000 da aka ajiye ba za ta sayi fiye da abin da kimanin 77,000 ke saya a bara ba. A gabatar da hanyoyin da ƙaramin mai kuɗi zai iya shiga: takardar lamunin ajiya ta Gwamnatin Tarayya da ake saya daga naira 5,000, da Sukuk, takardar jari marar kuɗin ruwa, da ofishin kula da basussukan ƙasa na DMO ya fara fitarwa a 2017 domin gina hanyoyi, wanda ake shiga daga 10,000. Masu sana'a a koya musu raba jari da riba da yanka wa kansu albashi. 'Yan ajin ƙarshe su tsara yadda za su kasafta alawus ɗin hidimar ƙasa, wanda ya koma 77,000 a 2025, da abin da za su fita da shi bayan wata goma sha biyu.

Mataki na biyar: teburin shawara

Akwai abin da ba za a faɗa a cikin aji ba. A ware sa'a biyu a mako a wani ɗaki mai sirri, mace ta zauna domin mata, namiji domin maza. Aikin mai teburin shi ne ya saurara, ya taya lissafi, ya nuna ofishin da ya dace. Ba ya ba da rance, ba ya riƙe wa kowa kuɗi, ba ya karɓar lambar sirrin kowa. Duk abin da ya shafi barazana, ko matsanancin damuwa, ko shari'a, a miƙa shi ga malamin da ke kula da shirin a ranar.

Mataki na shida: kuɗin gudanarwa da masu ɗaukar nauyi

Shirin ba ya cin kuɗi da yawa: buga takardu, ruwan sha, da ɗan alawus na data da mota ga masu koyarwa. Bankuna sukan so shiga, musamman a Makon Kuɗi na Duniya da ake yi a Maris da Ranar Ajiya ta Duniya a 31 ga Oktoba, lokutan da Babban Bankin ke ƙarfafa musu gwiwar zuwa makarantu. A karɓi taimakonsu, amma da sharuɗɗa a rubuce: ba a buɗe asusu a cikin aji, ba a ba su lambobin wayar ɗalibai, kuma ba su ke tsara darasi ba. Idan ma'aikacin banki zai yi magana, a gayyato na bankuna biyu ko uku su amsa tambayoyi iri ɗaya. Kamfanin caca, da manhajar bashi, da duk mai tallar jarin da ba shi da rajistar SEC, ba a karɓar ko kwalbar ruwa daga gare su, domin tambarinsu a kan takardar shirin tamkar shaida ce cewa makaranta ta amince da su. A rubuta duk abin da ya shigo da abin da ya fita, a karanta wa masu koyarwa a ƙarshen zango.

Mataki na bakwai: aunawa da miƙa ragama

Yawan waɗanda suka halarta ba ya nuna ko shirin ya yi aiki. A maimaita tambayoyin binciken farko ga mahalarta a ƙarshen zango, sannan a sake yi a tsakiyar zango na gaba, ana duba abubuwa kaɗan: a mako na nawa kuɗi suka ƙare a wannan karo, mutum nawa ke da rubutaccen kasafi, nawa ke da ajiyar ko-ta-kwana, nawa suka ci bashin manhaja. Idan zai yiwu, a yi wa wani rukuni da bai halarta ba tambayoyin a lokaci guda, domin a bambance tasirin shirin da na sauyin farashi. A rubuta rahoto mai shafi uku a kai wa sashen kula da harkokin ɗalibai, har da abin da bai tafi daidai ba, tare da buƙatar a saka zama na farko da na biyu a cikin makon tarbar sababbin ɗalibai.

Masu koyarwa suna kammala karatu su tafi, saboda haka a zaɓi magadansu daga cikin mahalartan bana tun kafin jarrabawa, kowane sabo ya zauna tare da tsoho a zama biyu aƙalla. Takardun darussa da tambayoyin bincike da lissafin kuɗi a ajiye su a ofishin malamin da ke kula da shirin da kuma ma'ajiyar intanet ta sashe, a guji barin su a wayar mutum ɗaya. A farkon kowane zango a ware rana guda a sabunta farashin misalai, da cajin banki, da ƙa'idojin NELFUND, kafin a buga takardun sabon rukuni.